Wuta-wuta a gonar wake: laifin ƙasa ne ko na ruwan sama?

Na Ikara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ke faruwa a gonakin wake daga Ikara har Makarfi da ya kamata masana su warware. Gona biyu maƙwabta, iri ɗaya, an shuka rana ɗaya. Ta kan tudu mai rairayi wuta-wuta, ciyawar nan da ke manne wa saiwar wake tana zuƙe shi, ta cinye ta, ta gangare mai ɗan laka kuwa wake ya zuba 'ya'ya. Sannan ko a gona ɗaya, wata shekarar abin da sauƙi, wata shekarar ko kuɗin iri ba ya dawowa. Wasu sun ce ƙasa ce ta gaji, wasu sun ce yankewar ruwa ce. Wanne ne?

Malamin Gona, Maigana: Wa alaikumus salam. Malam na Ikara, kafin a kai ga ƙasa da ruwa sai an san wace wuta-wutar ake magana, domin a jihar Kaduna iri biyu ke kama wake, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce masana ke kira Striga gesnerioides. Gajeruwa ce, da ƙyar take wuce taƙi ɗaya, tana fitowa rassa-rassa a cunkushe daga gindin wake, ba ta da ganyen kirki sai wasu 'yan ɓawo manne da kara, furenta ƙanana masu ruwan shunayya, wani lokaci su yi fari-fari. Ta biyu ita ce Alectra vogelii. Ta fi tsawo, tana da ganye sosai mai gashi-gashi, furenta rawaya, in ka tono gindinta za ka ga launin ruwan goro. Ta farko ta fi ƙarfi inda ruwa bai da yawa kuma ƙasa rairayi ce, wato Kano, Katsina, Jigawa da bakin iyakarmu da Kano da Katsina. Mai rawayan fure ta fi jure danshi, shi ya sa take da yawa a kewayen Zariya, Giwa da Soba. A arewacin jihar nan kana iya tarar da su biyun a kunya ɗaya. Kuma duk ba su ne ƙudujin da ke kama dawa da masara ba, mai dogon kara da fure ruwan hoda. Wancan ba ya cin wake.

Na Ikara: Mai shunayyan fure ce ta fi yawa a tudun, Malam. Ana ganin mai rawayan jefi-jefi.

Mai Binciken Ƙasa, Samaru: To, ranka ya daɗe, bari mu fara da abu ɗaya. Ba ƙasa ke haifar da wuta-wuta ba, ba kuma ruwa ke zuwa da ita daga sama ba. Iri gare ta, ƙanƙane kamar ƙura, bai kai rabin milimita ba. Tushe ɗaya na zubar da dubun-dubatar ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a ƙasa da ransu shekara 10 zuwa sama. Abin da ƙasa da yanayi ke yi shi ne su yanke yawan ƙwayoyin da za su farka a damina ɗaya, da kuma irin ɓarnar da za su iya yi in sun kama.

Ga yadda ƙwayar ke farkawa. In ta faɗi da kaka ba ta tsirowa nan take, sai ta yi watanni a busasshiyar ƙasa. Da ruwa ya sauka tana buƙatar danshi da ɗumi tare, kamar digiri 25 zuwa 35, na mako ɗaya zuwa uku. Ko bayan haka ba za ta tsiro ba sai ta ji ƙanshin wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa, ana kiransa sitirigolakton. In ta ji, sai ta fito da ɗan zare wanda tsawonsa 'yan milimitoci ne kawai. In ya taɓa saiwar wake cikin 'yan kwanaki ya huda ta ya manne, in bai samu ba ya mutu, don ƙwayar ba ta da guzuri.

Yanzu tambayar ita ce me ya sa wake zai fitar da abin da ke tayar da maƙiyinsa? Ba don wuta-wuta yake fitarwa ba. Akwai wasu ƙananan halittu dangin naman kaza masu zare-zare a cikin ƙasa da ke haɗuwa da saiwa su riƙa jawo mata fosfaras, ɗaya daga sinadaran abincin shuka, daga nesa. Wake na fitar da sinadarin ne don ya kira su. In fosfaras ya yi ƙaranci sai ya ƙara yawan kiran, wuta-wuta kuma na kwance tana sauraro. Ƙasar tudu mai rairayi ita ce ta fi kowace ƙarancin fosfaras da ruɓaɓɓen taki. Saboda haka wake mai yunwa da bakinsa yake tashin wuta-wutar da za ta cinye shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Baban Kudan: Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya zauna. Amma ni ban yarda a ɗora wa ƙasa duka laifin ba. Ƙasar tudun nan ita ce bara, ita ce bana, ba ta canza ba. Abin da ya canza ruwa ne. Duk shekarar da marka ta yi kyau a Agusta wuta-wuta ba ta yin tasiri, duk shekarar da ruwa ya tsaya mako biyu bayan shuka ko ya ɗauke tun tsakiyar Satumba, gona ta tafi. Kowane dattijon manomi ya san wannan.

Mai Binciken Ƙasa, Samaru: Gaskiya ne Baba, kuma ba mu saɓa ba. Ruwa na aiki ta hanya biyu. Ƙwayar da ta daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa makonni da yawa ba ta ji ƙanshin saiwa ba, takan koma barci, ba ta ƙara amsawa sai ƙasa ta bushe an sake zagayowa. Wasu kuma ruɓewa suke yi. Marka kuma na sanyaya ƙasa, tana kuma wanke sinadarin daga kewayen saiwa. Wannan ke nan. Na biyu, wadda ta riga ta kama ruwa take zuƙa daga jikin wake. In akwai danshi, wake na iya ɗaukar nauyin kansa da nata har ya yi ɗan abin da ya yi. In ruwa ya yanke, ita ba ta rage sha, shi ne ke yanƙwanewa. To ina ruwa ya fi saurin ƙarewa in an yi kwana 10 ba a yi ba? A rairayin tudu. Gangare mai laka na riƙe danshi, yana da sanyi, kuma duk takin da ruwa ya kwaso daga tudu can yake sauka. Ka ga ƙasa ce ke nuna wace gona, ruwa ke nuna wace shekara.

Hajiya Mai Wake, Soba: Malamai, akwai abin da ke ruɗa mata masu noman wake a nan. Ganye ya fara rawaya tsakanin jijiyoyi, wake ya tsugune, rana na yi ya lanƙwashe ko da ƙasa da laima, amma ba a ga wuta-wuta ko ɗaya a sama ba. Sai a ce rashin taki ne a sayo uriya a watsa. Yaya za a bambance?

Malamin Gona, Maigana: Hajiya, wannan ita ce babbar asara, domin wuta-wuta na yin mafi yawan ɓarnarta tun tana ƙarƙashin ƙasa. Ba ta leƙowa sai wake ya kai mako 5 zuwa 7, alhali ta kama tun yana mako biyu ko uku. A sa fartanya a tono tushe biyar daga wurin da ya yi rawaya, da ƙasarsu, kada a fizge. A wanke saiwar a bokiti a hankali. Ƙulli iri biyu za a iya gani. Akwai ƙananan ƙulli masu amfani, zagayayyu, suna cirewa da farce cikin sauƙi, in an fasa cikinsu ja-ja ne, su ne ke samar wa wake naitirojin daga iska. Na wuta-wuta kuwa ya fi girma, da tauri, ya haɗe da saiwar ba ya ɓallewa, kuma za a ga farin tsiro ko tsiraye na fitowa daga kansa suna neman sama. In na mai rawayan fure ne, wurin kan kumbura da ƙananan saiwoyi masu ruwan goro.

Uriya kuwa ba maganinta ba ce a wake. A gonar masara da dawa, i, naitirojin na rage ƙuduji, shi ya sa mutane suka ɗauka haka yake ko'ina. Wake shi ke haɗa nasa naitirojin, yunwarsa ta fosfaras ce. In aka cika masa uriya sai ya yi ganye ya ƙi fure, ƙullin nan masu amfani su daina aiki, kuma yawan uriya shekara da shekaru na ƙara wa ƙasa tsami.

Ɗan Makarfi: Yallaɓai, a ba mu awo. Buhu nawa, na wane taki, yaushe?

Malamin Gona, Maigana: A hekta ɗaya, buhu 2 na kamfa 15:15:15 da buhu 2 na supa, wato takin fosfaras, kowane buhu kilo 50. Wannan zai ba da naitirojin kilo 15 na tashin farko, da fosfet sama da kilo 30. Ranar shuka ake sa shi, ko a cikin makon farko in an makara. In tazararka santimita 75 tsakanin kunya da 20 tsakanin rami, ramuka kusan 66,000 ke nan a hekta, kowane rami ya tashi da kimanin giram 3 na haɗin. A auna sau ɗaya a sikeli a sami murfin kwalbar da ya dace, sai kowa ya yi aiki da shi. A yi rami daban kamar santimita 5 daga iri, a zuba, a rufe. Kada taki ya taɓa iri, yana ƙona shi.

Inda ake kuskure shi ne watsa supa a sama bayan wake ya yi wata guda. Fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa kamar uriya, inda ka ajiye shi nan yake zama. In yana sama saiwa ba ta kai gare shi, kuma a lokacin wuta-wuta ta riga ta kama. A jar ƙasa mai marmara kuma ƙarfen cikinta na ɗaure fosfaras, saboda haka gara a tara shi wuri ɗaya kusa da saiwa da a baza shi.

Baban Kudan: A ƙara da takin gida. Supa kaɗai ba ya sa rairayi ya riƙe ruwa. Tan 2 zuwa 5 a hekta gwargwadon hali, a baza kafin huɗa a rufe shi cikin kunya. In bai isa gona duka ba, a zuba a kan tudun da abin ya fi tsanani maimakon a yayyafa ko'ina ba ya amfanar ko'ina. Kuma a tudu mai gangara a riƙa datse kwarin kunya duk taku uku ko huɗu, ruwa ya tsaya ya nutse. Yana hana ruwa kwasar ƙwayar wuta-wuta zuwa gonar ƙasa ma. Amma ban da wuri mai laka, can datsewa kwantar da ruwa take yi, wake kuwa ba ya son ƙafarsa cikin ruwa.

Mai Binciken Ƙasa, Samaru: Da sharaɗi ɗaya, Baba. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Harawar da aka kwaso daga gona mai wuta-wuta na ɗauke da ƙwayoyin, dabba ta ci, wasu su fita da ransu cikin kashi, wasu ma ba su shiga cikin dabba ba, sun zube a turke sun gauraya da taki. In aka kai shi gona ɗanye an shuka wuta-wuta da hannu. A tara shi, a jiƙa, a rufe, a juya shi sau biyu ko uku har ya yi zafi ya huce ya koma baƙi.

Na Kachia: Mu a kudanci, Kachia zuwa Zonkwa da Kafanchan, ruwa ya fi na Zariya nesa ba kusa ba, mai shunayyan furen nan ba ta cika damun mutane ba. Sai dai kada a ce ruwa ya kare mu. A tsofaffin gonakin da aka yi ta nomawa ba hutu, mai rawayan fure na nan. Kuma ina so a yi magana kan juya shuka, don ana ce wa mutane su huta da wake su sa gyaɗa ko waken soya.

Malamin Gona, Maigana: Ɗan'uwa ka taɓo inda ake yawan faɗawa rami. Shawarar a sa waken soya ko gyaɗa don ƙudujin hatsi aka yi ta: saiwarsu na sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Shawara ce mai kyau ga mai masara. Amma mai rawayan fure na cin wake, tana cin gyaɗa, tana cin waken soya, tana cin gurjiya. Wanda ya cire wake ya sa gyaɗa a gonar da take, ciyar da ita ya yi. A irin wannan gona hatsi za a sa, masara ko dawa ko gero, shekara biyu zuwa uku, ba tare da an ratsa wake a ciki ba. Wannan na ƙarshe shi ke da wuya, don manominmu in ya ga fili tsakanin dawa sai ya jefa wake, shi ke nan hutun ya tashi a banza. Kuma a sani hutun shekara uku ragewa yake yi, ba ya ƙarar da ƙwayar da ke iya jiran shekara 10.

Ɗan Makarfi: To in daɗewa a jiƙe na sa ƙwayar barci, ashe gara a jinkirta shuka har ƙarshen Agusta.

Baban Kudan: A'a yaro, kada ka gudu daga wuta ka faɗa rijiya. A ƙasar Zariya ruwa na ɗaukewa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda ya shuka ƙarshen Agusta, wakensa zai yi fure daidai lokacin da ƙasa ke bushewa, 'yar wuta-wutar da ta kama ko kaɗan ce sai ta gama da shi.

Mai Iri, Zariya: Baba ya yi daidai. Lissafin daga baya ake yinsa. Iri mai kwana 70 zuwa 75, a yankin Zariya, Kudan, Makarfi da Ikara, a shuka daga tsakiyar Yuli zuwa makon farko na Agusta. Ƙasa ta riga ta sha ruwa makonni, wake zai cika kwanso da sauran danshi, ya bushe bayan ruwa ya ja baya. A tudun rairayi a kama farkon wannan lokaci, a wuri mai riƙe ruwa ana iya kai wa ƙarshensa. A kuma saurari hasashen shekara na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, kan ranar ɗaukewar ruwa.

Amma ni abin da nake so a riƙe, a gonar da ta riga ta cika da ƙwaya, taki da lokacin shuka ba su isa ba in irin mai rauni ne. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru da ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun fitar da irin da wuta-wuta ba ta iya kamawa. SAMPEA 10 ya fito a 2008, SAMPEA 14 da SAMPEA 15 a 2011. SAMPEA 20-T da aka saki a 2019 don tsutsar da ke huda kwanso, daga SAMPEA 10 aka gina shi, ya gaji wannan juriya. Jami'ar aikin gona ta Makurdi ma ta fitar da FUAMPEA 1 da 2 a 2016. Yawancin juriyar nan daga wani waken gargajiya na ƙasar Botswana aka samo ta, mai lamba B301. Saiwarsu na tayar da ƙwayar kamar kowane wake, amma in zaren ya huda sai wurin ya mutu ko tsiron ya kasa girma. Ka ga duk daminar da aka shuka su ƙwayoyi na ƙonewa ba a zuba sababbi ba. Tsohon SAMPEA 7 da Ɗan'ila ba su da wannan kariya. Kilo 20 zuwa 25 ya isa hekta, ƙwaya biyu a rami, zurfin santimita 3 zuwa 5.

Hajiya Mai Wake, Soba: Alhaji, akwai masu cewa sun shuka SAMPEA 14 wuta-wuta ta fito.

Mai Iri, Zariya: Hajiya, a fara tambayar inda aka sayi irin. Wanda aka auna da mudu a kasuwa aka ce SAMPEA ne, ko wanda ya yi shekara huɗu ana juya shi a masussuka ɗaya da waken gida, gauraye ne. A duba gonar: in wuta-wutar na gindin tsiraru ne nan da can, kuma waɗannan tsirarun sun bambanta da sauran a ganye ko yaɗo, baƙin iri ne ya shiga. A sayi mai alamar hukumar iri ta ƙasa a jikin leda, a sabunta duk shekara biyu ko uku. In kuwa iri mai shaida ne kuma ta kama kunya bayan kunya, a kai samfur Samaru da saiwarsa. Wuta-wutar wake jinsi-jinsi ce, ta Najeriya da Nijar daban da ta Mali, ta Burkina Faso ko ta Kamaru, kuma an sami wata a Zakpota ta ƙasar Benin da ke cin B301 kansa. Abu ne da masu bincike za su so su gani da wuri.

Na Ikara: Maganin feshi fa? Shi mutane suka fi tambaya.

Malamin Gona, Maigana: Maganin rufe ƙasa da ake fesawa bayan shuka na hana ciyawa, amma ba ya kai wa ga ƙwayar da ke tsirowa a jikin saiwa makonni bayan haka. Shi kuwa maganin ciyawa na 2,4-D da ake fesa wa ƙuduji a gonar dawa, wake yake fara kashewa. Maganin ciyawa na gilaifoset ma haka. Abin da ya rage hannu ne, kuma ba don ceton waken bana ba, don hana zubar iri. Mai shunayyan fure na yin fure cikin kamar mako guda da fitowa, 'yan makonni kaɗan iri ya nuna. A zaga gona duk mako daga mako na biyar. A danne gindin wake da hannu ɗaya a karya ta daga ƙasa-ƙasa, kada a fizgo da saiwar waken. A zuba a buhu, a fitar, a ƙone. Wadda aka yar a kwarin kunya da furenta tana ƙarasa nunar da iri a kwance. A ci gaba har bayan tsinke wake, don da yawa a lokacin suke zubarwa, gona ba kowa.

Mai Binciken Ƙasa, Samaru: Wanda zai karɓi hayar gona bai san tarihinta ba, yana iya gwadawa kafin ya zuba kuɗi. Ya ɗebi ƙasa daga wuri 10, daga sama zuwa zurfin santimita 15, ta tudu daban ta gangare daban. Ya zuba a tsofaffin bokitai masu huji, ya shuka waken gida mai rauni, ba taki, ya riƙa ban ruwa daidai ba jagab ba, a wuri mai rana. Da bazara aka fi yi, Afrilu zuwa Mayu, lokacin akwai zafin da ƙwayar ke so kuma ta gama kwanciyarta ta rani. A hunturu sanyi na iya hana ta tashi ka ɗauka gonar lafiya lau. Bayan mako 6 a juye a wanke saiwa a duba kamar yadda Malam ya kwatanta.

Na Kachia: Kuma a lura da tarakta da garmar shanu ta haya. Ƙasar da ta manne a faifai daga gonar wani ita ake fara juyewa a taka. A kankare a bakin hanya kafin a shiga.

Mai Iri, Zariya: Haka wajen sussuka. Kwanson da aka zube a ƙasan gona mai wuta-wuta na kwasar ƙwayar, ta bi wake har rumbu, baɗi a shuka su tare. Wanda za a ajiye don iri a tsinke shi kai tsaye cikin buhu, a shanya a kan tamfol a wajen gonar, a sussuke a kai, a sheƙe, sannan a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Wake zai tsaya a sama, ƙura da ƙwayar wuta-wuta su zube ƙasa. Wannan ƙurar a tattara ta a zuba a wuta, kada a share ta cikin turken dabbobi.